Baba ya daina magana kafin ya ce ya yafe mini

Assalamu alaikum. Ni ne ɗan fari a wurin mahaifina, shekarata 43. Tun tasowata bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "ina yaron nan?" ko ya turo ƙanena ya kira ni. Shekara shida da suka wuce muka samu saɓani a kan sayar da wata gona, har na ɗaga masa murya a gaban mutane. Tun daga ranar tsakaninmu sai gaisuwa da aiken kuɗin cefane. Kullum ina cewa zan je in durƙusa in ba shi haƙuri, nauyin baki ya hana. Yau mako biyar ke nan hawan jini ya buge shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Ba abin da yake iya faɗa sai "to, to". Sau uku ina neman gafararsa a gaban 'yan'uwa. Sau biyu ya fashe da kuka ya kau da kai, na ukun kuma ashar ne ya fito daga bakinsa, mutumin da ban taɓa jin ya zagi ko akuya ba. Goggona ta ce alama ce bai yafe ba. Ba na iya barci. In na zauna kusa da shi ban san me zan ce ba, shirun kuma yana cina. Me zan yi in ji ya ce ya yafe mini?

Ɗan fari, daga Funtuwa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce, kai kuma ya sanyaya maka zuciya.

Bari mu fara da ashar ɗin, tunda shi ya hana ka barci. Goggo ta faɗi abin da kunnenta ya ji, amma fassarar da ta yi masa kuskure ce, kuma duk ma'aikacin jinyar da ya daɗe da masu shanyewar ɓarin jiki zai gaya maka haka. Ƙwaƙwalwa ɓari biyu ce, kowane ɓari yana riƙe da ɗaya gefen na jiki: na hagu shi ke juya hannun dama da ƙafar dama. A wurin mafi yawan mutane, a ɓarin hagun nan rumbun kalmomi yake. Shi ya sa wanda damansa ta shanye sau da yawa maganarsa ke tafiya tare da ita, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda ciwon nan ya buge sukan samu matsalar harshe. Abin da ya lalace shi ne hanyar da mutum ke bi ya zaɓo kalmar da yake so ya ɗora ta a kan harshensa. Akwai kuwa maganganun da ba zaɓo su ake yi ba, da kansu suke fitowa don sabo ko don zafin rai: ƙirgen ɗaya zuwa goma, amsa sallama, Fatiha, waƙar da aka haddace tun yarinta, da zagi. Waɗannan sukan tsira ko da sauran sun tafi. Likitoci sun daɗe da sanin haka. A shekarar 1861 wani likita a birnin Faris na Faransa, Paul Broca, ya rubuta labarin wani majinyaci da ya shafe shekaru ba ya iya furta komai sai "tan, tan", amma in ransa ya ɓaci sai mummunar rantsuwa ta fito masa tiryan-tiryan. Dattijo ya yi ta kokawa da kalma a cikin kansa, ta ƙi fitowa, ga mutane sun zuba masa ido, takaici ya turnuƙe shi, sai abin da ya fi kusa da ƙofa ya faɗo. Mai yiwuwa shi kansa Baba ya fi kowa jin kunyar abin da ya fito daga bakinsa.

Kukan ma haka. Ciwon kan kwance wa mutum birkin kuka da na dariya, ƙaramin abu ya sa shi hawaye ya kasa tsayawa. Kau da kai kuwa yana da dalilai biyu da ba su da alaƙa da fushi. Na farko, masu shanyewar dama da yawa ba sa ganin abin da ke gefen damansu sosai, kansu yakan karkata hagu. In ta dama ka zauna, zai yiwu muryarka kawai yake ji. Na biyu, ka tuna wane ne shi. Mutumin da ya shekara 43 yana jin nauyin kiran sunanka, yau ga shi kwance, yawu na zuba, hawaye na zuba, a gaban ɗan farinsa. Ina zai sa fuskarsa?

To, ga maganar da ba za ta yi maka daɗi ba. Zai yiwu ba za ka taɓa jin "na yafe maka" daga bakinsa ba. Magana takan fi saurin dawowa a wata ukun farko, ta ci gaba a hankali zuwa wata shida, wasu ma har bayan shekara suna ƙara samun sauƙi. Mako biyar ya yi wuri a yanke ƙauna. Amma akwai waɗanda "to, to" ɗin nan ce ke raka su har ƙarshe. In ka rataya kwanciyar hankalinka a kan kalma uku da harshensa ba ya iya ɗauka, ka azabtar da kanka, shi ma ka azabtar da shi. Kuma a nan ne muke ganin ka yi kuskure har sau uku, da kyakkyawar niyya. Tara 'yan'uwa a ce "Baba ka yafe mini", kowa ya yi tsit yana jiran amsa, jarrabawa ce aka ba mutumin da aka ƙwace wa alƙalami. Kada a sake yin haka.

Shin yafiya da albarka sai da harshe? Tirmizi ya ruwaito daga Usama ɗan Zaidu, Allah ya yarda da su, cewa da ciwon Manzon Allah (SAW) ya yi nauyi ya shiga wurinsa, ya tarar ba ya magana. Sai Annabi ya riƙa ɗora hannuwansa a kan Usama yana ɗaga su, Usama ya ce sai na gane addu'a yake yi mini. Bai ce a maimaita masa da baki ba, ya gane, ya riƙe abinsa. A Buhari kuma akwai labarin asuwaki. Abdurrahman ɗan Abubakar ya shigo da asuwaki a hannu, Annabi yana jingine a ƙirjin Nana A'isha. Ta ga yana kallon asuwakin, ta san yana son asuwaki, sai ta ce, "In karɓo maka?" Ya yi nuni da kai, e. Ya yi masa tauri, ta ce, "In tausasa maka?" Ya sake nuni da kai, e. Duba yadda ta yi. Ta bi idonsa ta ga inda ya sauka, ta haɗa da abin da ta sani na halinsa, ta yi gajeriyar tambaya wadda amsarta e ko a'a ce, ta jira. Masu koyar da magana ga irin su Baba a yau ma suna amfani da wannan tsari. Malaman fiƙihu ma sun kafa ƙa'ida cewa nunin wanda ba ya iya magana, in an saba da shi an fahimce shi, yana tsayawa a matsayin furuci.

Ga yadda za ka yi. Zaɓi lokacin da ya fi wartsakewa, galibi da hantsi bayan ya karya ya huta. Da yamma masu ciwon nan sun gaji, fahimtarsu takan ragu. Ku biyu kaɗai. A kashe rediyo, a fitar da yara, ka bar wayarka a waje. A tayar da shi zaune a jingine da matashi, a goge masa baki, a sa masa hularsa, don mutum ya fi jin shi mutum ne in yana cikin kamalarsa. Zauna ta gefen hagunsa, ƙasa da shi, inda zai ga fuskarka. Kada ka ɗaga murya, kunnensa lafiya lau yake, kuma kada ka yi masa irin maganar da ake yi wa yara. Jimla gajeriya, ɗaya bayan ɗaya, da numfashi a tsakani, domin doguwar magana takan tsinke masa a hanya. Abin da za ka faɗa bai wuce wannan ba: "Baba, ni ne. Na yi maka laifi ranar maganar gona. Na ɗaga maka murya, ban kyauta ba. Na tuba, ka yafe mini. Ba sai ka ce komai ba." Kada ka shiga bayanin wa ya fara, ko abin da ya tunzura ka. Sannan ka ƙara guda ɗaya da yawancin 'ya'ya ke mantawa: "Ni ban riƙe ka da komai ba, ba ka yi mini komai ba sai alheri." Wa ya sani ko kukan nan nasa na maganar da ta maƙale masa ce shi ma? Uba yakan so ya sauke nasa nauyin, girma ya hana shi lokacin da yake da baki, ciwo ya hana shi yanzu.

Daga nan sai ka yi shiru, ka sunkuyar da kanka kusa da hannunsa na hagu, inda zai iya kaiwa in ya so. Kada ka kamo hannun ka ɗora da kanka, in ka yi haka zuciyarka za ta ce maka gobe ai kai ka ɗora. Yi istigfari ashirin a zuci kafin ka motsa, domin ƙwaƙwalwar da ta ji rauni tana bukatar lokaci kafin saƙo ya shiga, amsa ta fito, kuma gaggawar masu lafiya ce ke katse yawancin amsoshin marasa lafiya. Zai iya taɓa ka, zai iya yin kuka, zai iya rufe ido kawai. In bai yi komai ba, kada ka karanta komai a ciki. Ka faɗa sau ɗaya, ya isa. In kana shakkar ya fahimta, sake faɗa bayan mako biyu ko uku, ba kullum ba.

In kana so ka san ko e da a'a ɗinsa abin dogaro ne, gwada shi da abin da ka san amsarsa, cikin hira ba cikin tuhuma ba. Nuna kofi ka ce, "Wannan kofi ne?" Nuna shi kuma ka ce, "Wannan takalmi ne?" "Yanzu dare ne?" Tambaya biyar ko shida sun isa. Kada ka dogara da "to", tunda ita ce ke fitowa a kan komai. Ku tsayar da alama ɗaya, matsa hannu ko gyaɗa kai, kowa a gidan ya riƙe ta. In ya riƙa cakuɗawa, ranar ba ranar tambaya ba ce. Wannan gwaji yana da wani amfani. Akan samu dangi su zo da takarda a dangwala yatsan marar lafiya a kan gida ko gona, a ce ai ya gyaɗa kai. Duk abin da ya shafi dukiya a jira bayanin likita a kan fahimtarsa, a yi shi gaban shaidu adilai. Kai ne babba, kai za ka tsare wannan ƙofa, kuma kai ne na farko da bai kamata ya bi ta cikinta ba.

Yanzu maganar shirun da ka ce yana cinka. Shiru biyu ka haɗa a wasiƙarka, ba kuwa ɗaya ba ne. Na shekara 43 alkunya ce, wadda Hausawa da Fulani suka gada: ba a kiran sunan ɗan fari, ba a wasa da shi a gaban mutane, wani lokaci ma kakanni ake ba riƙonsa. Mai yin alkunya ba ƙin ɗansa yake ba, ɓoye son yake don kada a ce ya cika rawar kai a kan abin da ya haifa. Ba za mu ce maka addini ne ya kawo ta ba. Wani sahabi, Aƙra'u ɗan Habis, ya ga Annabi ya sumbaci jikansa Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Annabi ya ce wanda ba ya jinƙai ba a jinƙansa. Al'adar ta bar 'ya'yan fari da yawa da ƙishirwar da ba su san sunanta ba, wannan gaskiya ne. Amma wanda ya tashi a cikinta da harshenta yake magana, kuma ba a yi masa adalci in an auna shi da mudun da ba nasa ba. In kana son sanin abin da ke ransa game da kai, kada ka tambayi mahaifiyarka, ita ma kunyarka take ji. Je wurin amininsa, wanda suke zaman majalisa tare bayan la'asar, ko ƙaninsa, ko abokiyar zaman mahaifiyarka in akwai. Irin waɗannan iyaye a bayan ido suke yabo. Tambaye su abin da yake cewa in an ambace ka, da abin da ya yi ranar da aka haife ka, da abin da ya sayar lokacin da ka shiga makaranta.

Shirun shekara shida kuwa wani abu ne daban, kuma kai ka san haka. Gaba ce ta sa rigar kunya. An hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, balle uba, wanda Suratul Isra'i ta hana a ce masa ko "tir". Kuɗin cefane bai goge wannan ba. Muna faɗa maka ne don tubarka ta sauka a kan ainihin laifin: ɗaga murya na rana ɗaya ne, jan jiki na shekara shida ya fi shi nauyi. In kuma akwai wani haƙƙi nasa da ya rage a hannunka daga kuɗin gonar, mayar da shi cikin hidimar jinyarsa da sanin 'yan'uwanka, don tuba daga haƙƙin mutum ba ta cika sai an mayar masa da abinsa.

Shi kansa shiru ba ibada ba ne a shari'armu. Annabi ya ga wani mutum, Abu Isra'ila, ya yi bakancen zai tsaya a rana, ba zai zauna ba, ba zai yi magana ba, kuma zai yi azumi. Ya ce a umarce shi ya yi magana, ya shiga inuwa, ya zauna, ya cika azuminsa. Hadisin da kowane ɗan Islamiyya ya haddace cewa ya yi a faɗi alheri ko a yi shiru, alherin aka fara ambata. Akwai ma umarni cewa in mutum yana son ɗan'uwansa ya sanar da shi. Bahaushe ba ya iya kallon tsabar idon ubansa ya ce "ina sonka", bakinsa ba zai ɗauka ba, kuma ba dole sai da wannan lafazi ba. "Allah ya bar mana kai, Baba" ta isar da saƙon. Abin da ke ba shiru daraja shi ne abin da aka zuba a cikinsa. Annabi Zakariyya an ba shi alama cewa ba zai yi wa mutane magana ba kwana uku sai da nuni, a cikin ayar nan ta 41 ta Ali Imrana kuma aka ce masa ya ambaci Ubangijinsa da yawa. An rufe ƙofar mutane, an bar ta Allah a buɗe. Mafi fasahar halitta ma, Manzon Allah (SAW), a cikin sujada, cewa ya yi ba zai iya ƙididdige yabon Allah ba, Shi yana nan kamar yadda ya yabi kansa. In harshen Annabi ya amsa cewa akwai inda yake tsayawa, to naka da na Baba ba abin kunya ba ne su tsaya a kan abin da ke tsakanin ɗa da uba.

Saboda haka ka sa wa kanka zama na minti ashirin zuwa talatin kullum, a lokaci ɗaya, don masu ciwon nan suna samun natsuwa da abin da suka san zai zo. In aiki ya sa kana nesa, kwana biyu cikakku a mako sun fi leƙowa goma a tsaitsaye. Yi sallama, ka ba shi lokaci ya amsa, sau da yawa amsar sallama na cikin abin da ya tsira. Ɗora hannunka a kansa ka karanta addu'ar da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, "As'alullahal Azim, Rabbal Arshil Azim, an yashfiyaka", sau bakwai. Karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi ka shafa masa, kamar yadda Nana A'isha ta riƙa yi wa Annabi da waɗannan surori na neman tsari a ciwonsa na ƙarshe. Sannan ka ja Fatiha a hankali da irin ƙira'ar da ya saba tun makarantar allo, ka ɗan tsaya kafin kalmar ƙarshe ta kowace aya: "Alhamdu lillahi Rabbil..." ka jira. Kada ka yi mamaki in ka ji "alamin" ta fito daga bakin da bai iya cewa "ruwa" ba. In ta fito kada a yi guɗa a kira mutane, kada kuma a ce to ai yana iya magana, da gangan yake ƙi. Hanyar haddar daban ce, kamar yadda muka faɗa. In ba ta fito ba, ƙarasa ka wuce, ban da "ce mana, Baba". Bayan wannan sa masa carbi a hannun hagu, ka riƙe naka, ku zauna. Ba sai ka cike wurin da labari ba. Kwana ukun farko za ka ji kamar ƙaya ce a tabarmar, hannunka zai riƙa neman waya. Wajen mako guda za ka fara lura da abubuwan da surutu ke ɓoyewa: yadda numfashinsa ke sauka in ya natsu, inda idonsa ke zuwa in yana jin ƙishi, yadda yake yamutsa fuska in kafaɗa na ciwo. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, amma sai wanda ya zauna ya iya karatun.

Salla na cikin abin da ke damun dattijo irinsa fiye da yadda ake zato. Muddin hankalinsa na nan, tana kansa gwargwadon iko: a zaune, in bai iya ba a kwance ta dama ko ta hagu yana fuskantar alƙibla, ko a rigingine ƙafafu na alƙibla, da nuni. Abin da harshe ya kasa na karatu an ɗauke masa. Taimaka masa da alwala ko taimama, ka gaya masa lokaci ya yi, ka yi taka nafilar kusa da shi yana ji. Kuma ka gaya masa, a gajarce, hadisin Buhari cewa bawa in ya yi rashin lafiya ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana lafiya. Sahun farkon da ya saba tsayawa bai kuɓuce masa ba.

Sauran maganar hannunka ne zai yi ta. Kai za ka yi masa aski ranar Juma'a, ka yanke masa farce, ka shafa masa mai a ƙafa. In ba ya iya juyawa da kansa, a juya shi duk bayan awa biyu, a duba ƙugu da duwawu da diddige, don gyambon kwanciya daga jan tabo yake farawa. Kada a taɓa jan shanyayyen hannun wajen tayar da shi, kafaɗar takan goce. A tallafe shi ta baya, a ɗora hannun a kan matashi. Wajen ciyarwa a yi hattara ƙwarai, don ciwon kan taɓa haɗiya. A zaune cak, ƙaramin cokali, loma ɗaya sai ta wuce, kuma ya zauna minti talatin bayan ya gama. Ruwa tsararo ya fi saurin ƙware su a kan abu mai ɗan kauri irin kunu. In yana tari wajen sha, ko muryarsa ta zama kamar mai kurkure maƙogwaro, a dakata a gaya wa likita, domin abin da ya bi ta hanyar iska ciwon huhu yake zama. Wannan ya haɗa da rubutu da zamzam da zuma da masu dubiya ke zuwa da su: kada a ɗura wa mutum komai yana kwance, kome albarkarsa. Maganin hawan jini ba a dakatar da shi don an fara na gargajiya. A ci gaba da kai shi wurin masu gashin ƙashi, kuma a asibitin koyarwa, kamar na Shika a Zariya ko na Malam Aminu Kano, ka tambaya ko akwai mai koyar da magana da zai gan shi. In ka ga sabon karkacewar baki, ko sabon rauni, ko barci mai nauyi da ba a saba ba, asibiti nan take, ba sai gari ya waye ba. In kuma ya daina cin abinci, ya daina kallon kowa har mako biyu, gaya wa likita. Ciwon damuwa na kama kusan kashi ɗaya cikin uku na masu wannan lalura, kuma yana da magani.

'Yan dubiya kuma a yi musu tsari cikin ladabi. Biyu-biyu, minti biyar zuwa goma, mutum ɗaya ke magana a lokaci guda. A hana "ka gane ni? wane ne ni?", tambayar da ke sa marar lafiya zufa. A hana zancensa a kansa kamar ba ya wurin, irin "ai wane ma haka ya yi, bai kai wata ba". Yana ji, kuma ko kalmomin sun kuɓuce masa, sautin murya da yanayin fuska ba sa kuɓucewa. Goggo kuwa ka same ta ita kaɗai, ka durƙusa ka gaishe ta, ka yi mata bayanin likita a hankali. Ɗan'uwanta ne kwance, tsoro ne ke magana da bakinta. Ba ta aikin da za ta riƙe, kamar dama masa kunun safe.

In Allah ya ƙaddara ya tafi bai furta ba, ƙofar biyayya ba ta rufe da likkafani. Muslim ya ruwaito cewa addu'ar ɗa nagari na cikin abubuwa uku da ba sa yankewa, kuma cewa mafi girman biyayya shi ne ɗa ya sada zumunci da masoyan ubansa. Amma yau yana da rai, hannunsa na hagu yana motsi. Ku raba kwanan jinya da ƙannenka a rubuce, kowa da darensa, don wanda bai yi barci ba haƙurinsa gajere ne, kuma marar lafiya shi ke fara ganin haka a fuska. In rashin barcin naka ya wuce mako biyu bayan ka yi abin da muka ce, kai ma ga likita.

In kana da ɗan fari, ranar da za ka je aski ka tafi da shi ya riƙe kwanon ruwa, ka kira shi da sunansa a gaban Baba.